Kanwa Kaɗai Ba Ta Isar Saniyar Tatsa

Kowa ya san saniya tana son gishiri da kanwa. Ba sai an shiga aji a ke koyon wannan ba. Tun kaka da kakanni Buzaye su ke kawo gishirin Balma Kano a kan raƙuma, watau kantu domin dabbobi, beza domin miya. Fatake kuma su kan kawo kanwa daga Manga da bakin tafkin Cadi, a sauke a Kasuwar Kurmi. Wani Bature Bajamushe mai suna Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, ayarin gishiri ya biyo daga Abzin, ya iso Kano cikin 1851. Har wa yau, in damina ta zo ƙarshe, Buzaye da Fulani su kan kora dabbobinsu zuwa Ingal, yamma da Agadas, don su sha ruwan gishiri su ci ciyawar wurin.

To, mutanen da sun yi daidai. Amma masu bincike sun gano cewa bayan gishiri da kanwa akwai waɗansu abubuwa da jikin saniya ke bukata, waɗanda ba a samunsu sosai cikin kanwa ko kantu. Su za mu yi magana a kai.

Mun fara lura da wannan al'amari ne a nan Yakasai, cikin birnin Kano. Saniyar da a ka ɗaure a gida cikin birni ba ta da zaɓi. Abin da a ka zuba mata shi za ta ci, yau dusa da kara, gobe ma dusa da kara. Saniyar daji kuwa tana yawo, ta ci wannan ciyawa, ta tsinki wancan ganye, ta lashi ƙasar wancan fadama, abin da babu a nan ta same shi a can. Kada ku ce wannan maganar mutanen birni ce. A ƙauyuka ma gonaki sun cinye makiyaya da burtali, shanu da yawa sun koma turke.

Mene ne ma'adinai?

Ma'adinai su ne irin abubuwan nan da ke cikin ƙasa da duwatsu, kamar gishiri da ƙarfe da alli. Ciyawa ta kan tsotso su daga ƙasa, saniya ta ci ciyawa, su shiga jininta da ƙashinta da nononta. Mu kuma mu sha nono. In babu su cikin ƙasar wuri, babu su cikin ciyawar wurin, ko da ciyawar ta yi kore shar.

Kashi biyu ne. Akwai manya, waɗanda a ke bukata da ɗan yawa. Gishiri yana cikinsu, saniyar tatsa ta kan bukaci kamar gram 30 zuwa 50 kowace rana, watau babban cokali biyu ko uku. Akwai kalsiyam da fosfaras, su ne ke gina ƙashi. Kowace lita guda ta madara tana fita da kalsiyam fiye da gram 1, da fosfaras kusan gram 1. Saniyar da a ke tatsa kullum ba a mayar mata da abin da ta fitar, daga ƙashinta za ta riƙa ɗiba. Da ruwan ciki a kan ja na rijiya.

Sa'an nan akwai ƙanana. Ga sunayensu, ku karanta a hankali, don za ku gan su a jikin buhu: jan ƙarfe, da tutiya, da kobal, da aidin, da seleniyam, da manganis, da baƙin ƙarfe. An ce da su ƙanana ba don aikinsu kaɗan ne ba, sai don abin da a ke bukata ba shi da yawa. Ku ɗauki saniyar da ke cin busasshen abinci kilo 10 a rana. Jan ƙarfen da ta ke bukata bai wuce nauyin ƙwayar dawa huɗu ko biyar ba. Aidin kamar nauyin ƙwayar gero guda. Kobal kuwa, duk abin da za ta ci cikin shekara ɗaya cur bai kai gram 1 ba. Amma in ta rasa wannan ɗan abin, sai ta rame ta mutu da abinci a gabanta.

Yadda a ka gane

Wani zai ce, ƙaƙa abin da bai kai ƙwayar gero ba zai kashe saniya? Ga labarin.

A ƙasar Ostareliya da Niyuzilan akwai waɗansu wurare masu ciyawa mai kyau, amma duk wanda ya kai shanu ko tumaki can, in sun yi 'yan watanni sai su daina cin abinci, su rame, jininsu ya ƙare, su mutu. In an kwashe su an kai wata makiyaya sai su warke. Mutane su ka yi ta zato. Waɗansu su ka ce guba ce cikin ciyawa, waɗansu su ka ce rashin baƙin ƙarfe ne. A ka ba dabbobin wata irin ƙasa mai baƙin ƙarfe, su ka sami sauƙi, kowa ya ce shi ke nan an gano. Ashe ba haka ba ne. Masu bincike su ka cire baƙin ƙarfen daga cikin ƙasar nan, su ka ba dabbobi abin da ya rage, sai ga shi sun warke duk da haka. Cikin 1935 a ka tabbatar cewa ɗan kobal da ke gauraye a ciki shi ne maganin.

Daga baya a ka san dalili. Cikin tumbin saniya akwai ƙananan halittu masu rai, ba a ganinsu sai da madubin likita. Su ne ke narkar mata da ciyawa. Su kan ɗauki kobal su yi mata wani bitamin da a ke kira B12. In babu kobal babu bitamin ɗin, in babu shi kuwa jikinta ba ya iya amfani da abin da ta ci.

A Afirka ta Kudu kuma, wajen 1920, wani likitan dabbobi mai suna Theiler ya bi sawun shanun da ke mutuwa da shanyewar jiki. Ya ga suna tsintar ƙasusuwan mushe suna tauna. Rashin fosfaras ne ke sa su haka, cikin mushen kuwa akwai guba. Da a ka ba su fosfaras sai su ka bar cin ƙashi, mutuwa ta tsaya. A lokacin garin ƙashi a ke ba su. Yanzu ƙasashe da yawa sun hana ba shanu garin ƙashi da na nama, saboda cutar haukar shanu da ta ɓulla a Ingila cikin 1986.

Abin da ido zai gani

Saniya ba ta magana, amma jikinta yana faɗin abin da ke damunta.

In ta rasa gishiri ko fosfaras, sai ta kama lashe-lashe. Za ku ga tana lasar bango, tana cin ƙasa, tana tauna tsumma da igiya da tsohon takalmi. A birni wannan ya fi haɗari, domin leda ta cika ko'ina. Ku tambayi mahauta, za su gaya muku irin dunƙulen leda da su ke fitarwa daga tumbin shanu. Saniyar da leda ta cika wa tumbi ba ta ƙara yin ƙiba, kome a ka ba ta. In kuwa ta sami tsohon batirin mota ta lasa, darmar da ke ciki ta kan makantar da ita ko ta kashe ta. Kada a bar batir ko gwangwanin fenti kusa da turke.

Rashin jan ƙarfe a gashi a ke fara ganinsa. Baƙar saniya ta kan koma ja-ja, jar saniya irin Rahaji ta koma kamar ƙasa-ƙasa, gashin ya yi kaushi ya daina sheƙi. Gashin kewayen ido ya kan yi fari-fari kamar ta sa tabarau. Ga farar saniya irin Bunaji wannan da wuyar gani, sai a dubi kaushin gashi, da zawo wanda ba ya jin magani, da maraƙin da ba ya girma. Abin mamaki kuma shi ne, wani lokaci akwai jan ƙarfen cikin abinci, amma wani abu ya tare shi. Ƙasar da saniya ke ci, da ruwan rijiya mai tsatsa, da farar wuta in ta yi yawa cikin ruwa ko abinci, duk su kan kama jan ƙarfe cikin tumbi su hana shi shiga jini. Kun ga ke nan, saniyar da rashin gishiri ya sa ta cin ƙasa, ta jawo wa kanta rashi na biyu.

Aidin kun san shi, shi ne wanda rashinsa ke kawo maƙoƙo. Ƙasarmu tana nesa da teku, aidin kuwa ya fi yawa a teku. Don haka tun 1993 gwamnatin Nijeriya ta sa doka a riƙa sa shi cikin gishirin da mutane ke ci. Kantu da manda ba a sa musu. Saniyar da ta rasa aidin ta kan haifi maraƙi da kumburi a maƙogwaro, ko marar gashi, ko ba rai. Masu ba shanu ɓawon rogo da yawa su lura, domin rogo yana ƙara wa jiki bukatar aidin. Akwai kuma wata riba: in saniya ta sami aidin, yana fitowa cikin nononta, yaran gida su samu.

Seleniyam sai cikin 1957 a ka san jiki yana bukatarsa, kafin nan guba kawai a ka ɗauke shi. Rashinsa ya kan sa maraƙi ya kasa tsayuwa ko ya kasa tsotso, ya kan kuma sa mabiyiya ta maƙale bayan haihuwa, hantsa ta riƙa kumburi. Tutiya kuwa ita ce mai kula da fata da kofato. In babu ita fata ta kan yi kauri ta tsattsage, kofato ya yi rauni.

Dukansu akwai abu guda da su ka tara. Saniyar da ta rasa su ba ta neman sa da wuri, in an yi barbara ba ta ɗauka, cuta kuma ba ta wuce ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Asarar ba a rana ɗaya ta ke zuwa ba, shi ya sa mai saniya ba ya lura. Nono ya ragu da kwalba guda, haihuwar da za a yi bana ta koma baɗi, sai a ce ai irinta ne haka.

Amma fa mu ja kunnenku. Waɗannan alamu ba na rashin ma'adinai kaɗai ba ne. Tsutsar ciki da ciwon hanta da sammore duk su kan kawo rama da ƙarancin jini. Bakkale ya kan sa ɓari da maƙalewar mabiyiya. Wanda ya fi su duka yawa kuwa shi ne yunwa kanta. Saniyar da ba ta ƙoshi ba, dutsen lasa ba zai yi mata kome ba. A fara cika mata ciki tukuna.

To, kanwa fa?

Kanwa tana da amfani, kada a bari. Tana ba da irin sinadarin da ke cikin gishiri, tana sa saniya shan ruwa da cin abinci. Tana kuma kashe tsamin tumbi in an ba saniya dusa ko hatsi da yawa. Manyan gidajen madara na Turai da Amurka ma su kan zuba wa shanu wani farin gari ɗan'uwan kanwa saboda wannan. Amma ba za a dogara da ita wajen fosfaras ko jan ƙarfe ko kobal ko aidin ba. Kanwa kuma iri-iri ce, ta wannan tafki dabam da ta wancan, ba wanda zai dubi ungurnu ko jar kanwa a Kasuwar Rimi ya gaya muku abin da ke ciki. In ta yi yawa kuma ta kan sa zawo.

Abin da ya fi sauƙi shi ne a gauraya abinci. Dusa tana da fosfaras da yawa amma kalsiyam kaɗan. Harawar wake da ta gyaɗa suna da kalsiyam, kuma sun fi karan dawa ƙananan ma'adinai. In an haɗa dusa da harawa, kowace ta rufe wa 'yar'uwarta asiri. Kara da ɓuntu tsurarsu cika ciki ne kawai. Ciyawar bakin lambatu da ta bakin Jakara kuwa, mu dai ba mu so a ba saniyar da yara ke shan nononta, domin ruwan yana ɗauke da dattin gari.

Sa'an nan a nemi dutsen lasa ko garin ma'adinai a kantin maganin dabbobi. A nan karatu zai yi muku rana. Ku juya kwalin ku duba. Wani dutsen gishiri ne zalla a ka rina shi ja. Na kirki za a rubuta sunayen abin da ke ciki da yawan kowane, da irin dabbar da a ka yi domin ta, da ranar da zai lalace. In da Turanci a ka rubuta, ku sa mai kanti ko wani ɗan makaranta ya karanta muku sunayen ɗaya ɗaya, ku kuwa ku gwada da waɗanda mu ka lissafa a baya. A rataye dutsen a inuwa inda ruwa ba ya taɓa shi, domin rana da laima su kan kore aidin.

Kaɗan magani, da yawa guba

Wannan ita ce maganar da mu ke so ku riƙe da kyau, musamman masu ragon layya a gida ɗaya da saniya. Tumaki ba su jure jan ƙarfe kamar shanu. Hantarsu ta kan yi ta tara shi wata da watanni ba a ga kome ba, rana ɗaya sai ya fashe cikin jini. Idon rago ya yi rawaya, fitsarinsa ya yi ja kamar jini, kwana biyu ya mutu. Don haka dutsen da a ka yi domin shanu kada a bar tumaki su lasa, sai in an rubuta a jiki cewa ya dace da su.

Wani dutsen kuma akwai takin yuriya a ciki. Wannan na manyan shanu ne. Ba a ba ɗan maraƙi, ba a ba doki ko jaki, ba a kuma barinsa ya jiƙe saniya ta sha ruwan.

Allurar seleniyam da ta jan ƙarfe aikin likita ce. Cikin 2009 a jihar Fulorida ta Amurka, dawakin wasan folo 21 su ka mutu cikin yini guda, don an yi kuskure wajen haɗa musu allura, seleniyam ya yi yawa. Kada ku haɗa dutsen lasa da garin ma'adinai da allura duk lokaci guda don kuna son nono ya ƙaru. Ko shanu ma jan ƙarfe yana kashe su in an tara musu shi ta hanya uku.

Yadda za a riƙa duba saniya

Duba na fari naku ne. Ran Juma'a ko ran kasuwa, ku shafa haƙarƙarinta da ƙugunta ku ji ko tana ramewa. Ku ja fatar idonta ta ƙasa: in ja ce jini lafiya, in ta yi fari akwai magana. Ku dubi gashi da kofato da kashinta, ku ga ko tana tuƙa.

Na biyu, ku sayi ɗan littafi. Kowace saniya a ba ta shafinta. A rubuta ranar da ta haihu, da ko mabiyiya ta faɗi a yinin nan ko ta kwana. A rubuta nonon da a ka tatsa, a riƙa aunawa da kwano guda kullum. A rubuta ranar da ta nemi sa. Saniya mai lafiya wadda ba ta da ciki, bayan kowane kwana 21 ta kan nema. In ta yi wata biyar ko shida da haihuwa ba ta nema ba, ga shi a rubuce, ba sai an yi gardama ba. A rubuta kuma ranar da a ka kawo dutsen lasa da ranar da ya ƙare, don a san ko tana lasa ko ƙyale shi ta yi. Shanu ba ɗaya su ke ba, wata ta kan cinye rabon 'yar'uwarta.

Na uku na likitan dabbobi ne. Shi zai ɗebi jini a jijiyar wuya ko ta gindin wutsiya, ya aika ɗakin awo. Akwai masu wannan ilmi a Vom kusa da Jos, inda a ka kafa ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi tun 1924, da Shika kusa da Zariya, inda a ka buɗe gonar shanu cikin 1928, wadda ta zama cibiyar binciken kiwo ta ƙasa cikin 1976. Jinin saniya ɗaya ba ya nuna halin unguwa, don haka gara makwabta su haɗa kai a ɗebi na shanu da dama, kuɗin ma ya fi sauƙi. Jini kuma ba ya faɗin kome da kome. Hanta ita ce rumbun jan ƙarfe. Muddin akwai saura a rumbu, jini zai nuna lafiya lau, sai rumbun ya kusa ƙarewa sa'an nan ya nuna. Saboda haka in an yanka saniya daga garkenku, ko wata ta mutu, likita ya kan so a ba shi ɗan yankin hanta. Ku ba shi, ku haɗa masa da ɗan abincin da ku ke ba su da ruwan da su ke sha, da littafin nan naku.

Lokacin da ya fi kyau a yi wannan duba biyu ne. Ɗaya ƙarshen rani, sa'ad da harawa ta ƙare, shanu su ka daɗe a kan kara. Ɗayan kuwa wata biyu kafin saniya ta haihu. Cikin saniya wata tara ne da 'yan kwanaki, a watannin ƙarshe kuma maraƙi ya ke ɗibar jan ƙarfe da seleniyam daga jikin uwarsa ya ajiye a hantarsa. Dalili kuwa madara ba ta da jan ƙarfe sosai, da wannan ajiya zai rayu har ya fara cin ciyawa. A watanni biyun nan a daina tatsar uwar, a ƙara mata harawa, kada dutsen lasa ya yanke mata. In ta haihu kuma, a bar maraƙi ya sha dakashi ya ƙoshi tun cikin sa'o'in farko.